Kwamfutar da Aka Adana Cikin Toka

A gidanmu na Galadi, tatsuniya ba abin da ake miƙe ƙafa a saurara ba ce. Jarrabawa ce, kuma ni na fi kowa faɗuwa. Kakarmu, wadda babba da yaro ke kira Inno, ita ke da wutar tsakar gida da zarar sanyi ya shigo. Ana idar da sallar isha'i za ta jawo karan dawa ta hura, ta binne gyaɗa a gefen toka, mu kuma jikoki mu kewaye ta, kowa da zanen uwarsa a kafaɗa. Sunan mijinta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kama sunana ba. Maigida take ce mini, in ta so tsokana kuma ta ƙara da cewa maigidan da ko gishiri bai taɓa sayo mata ba.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta leƙa wajen zaure kamar ta hango baƙuwa, ta ce, "Ga wata can tahe, ta ɗauro kaya." Mu haɗa baki mu ce, "A sauke ta mu gani." Daga nan ta fara, amma ba ta yin nisa sai ta tsaya, ta nuna ɗayanmu da tsinken da take tonon gyaɗa, ta ce, "To, in kai na, mi za ka yi?" In amsarka ta yi mata, labari ya ci gaba. In ba ta yi ba, sai ta bi amsar taka har inda za ta kai ka, ta kashe labarin a nan, kowa ya tashi yana harararka.

Wadda ta fi ba ni wuya ita ce ta turmin da ke daka da kansa. Wai a wani gari akwai wata tsohuwa mai turmi, da asuba za a zuba masa gero a tafi, kafin rana ta fito ya surfa ya daka, har maƙwabta na kawo nasu. Tsohuwa ta rasu, gida ya koma hannun matar jikanta, mace mai tsabta wadda ko tsinke ba ta bari a tsakar gida. Kwana uku da rasuwar, aka zuba gero aka tafi, aka dawo aka tarar da shi yadda aka bar shi. Turmi ya yi shiru.

A nan Inno ke tsayawa, tsinke ya juyo kaina.

"Maigida, in kai na, mi za ka yi?"

Ni kuwa ban taɓa jinkiri ba. "A buga shi da taɓarya!"

"Madalla. Anka buga, turmi yat tsage gida biyu, gari yak kwana da yunwa. Ta ƙare. Ku tashi ku ba ni wuri."

Wani daren na ce a jiƙa shi a tafki. Ta ce an jiƙa, ya ruɓe. Wani daren na ce a kai wa masassaƙi. Ta ce masassaƙi ya fere shi ya fere shi har ya koma akushi, ga shi can ana cin tuwo a ciki. Ƙanwata Ramatu har kuka ta taɓa yi, ta ce a daina tambayata. Inno ta ƙi. Ta ce ai turmin gidana ne, ni zan gyara. Abin ya tsaya mini a rai, ina kiwon awaki ina tunanin turmi, ina makarantar allo ina tunanin turmi. Sai da sanyin shekarar ya kusa fita, ranar da dabara ta ƙare mini sarai, na ce cikin fushi, "To ni ina na sani? Wa ke nan sadda tsohuwar ke aiki da shi?"

Inno ta ajiye tsinke, ta dube ni, ta tono gyaɗa mafi girma ta miƙo mini da hannunta.

Ashe a gidan mai turmin akwai wata makauniya, ƙanwar marigayiya, tana zaune a ƙuryar ɗaki. Masu dabara sun yi ta shiga da fita, ba wanda ya ce mata ko sannu, don me makauniya za ta sani game da turmi? Da aka tambaye ta sai ta ce ita kam ba ta taɓa ganinsa ba, amma kullum da yamma tana jin yayarta na kwashe gari, kuma ba ta taɓa jin ta kankare gindin turmin ba. Takan bar masa ɗan abin da ya rage ya kwana da shi. Amarya kuwa da zuwanta ta kankare shi tas, ta wanke, ta kife. Aka zuba masa tafi guda na gari aka bar shi ya kwana. Da asuba duk unguwa ta farka da ƙarar daka.

Na girma, na yi karatu a Kaura Namoda, na buɗe ɗan shagon gyaran kwamfuta kusa da kasuwar hatsi. Inno ta daɗe da rasuwa. Ba ta bar hoto ko ɗaya ba, don duk wanda ya ɗaga mata kyamara sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Da zaman ƙauye ya gagara saboda 'yan bindiga, danginmu suka watse, wasu Shinkafi, wasu Gusau. Autar Inno, Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifina, ta zo wurina. A kan babur aka kawo ta, da ƙullin tufafinta guda da wani buhu da ta rungume a cinya tun daga Galadi, ta hana ɗan acaɓa ɗaure shi a baya.

Washegari ta sa aka kai buhun shagona. Na kwance bakinsa, toka ta tashi ta cika mini hanci. Na zura hannu na ji ganyen dogonyaro busasshe, na ƙara zurawa na ji busasshen barkono, can ƙasa na ji ƙarfe. Da na jawo sai ga kwamfuta irin ta dā, mai akwati, wadda farinta ya koma ruwan ƙwai saboda tsufa. Nan take na gane ta. Ta Baffa Bala ce, yayan Gwaggo, wanda ya taɓa riƙe shagon buga takardu a Shinkafi kafin Allah Ya yi masa rasuwa. Marfin gefenta babu, don Baffa a buɗe yake barinta ya juya mata fanka saboda zafi. Cikinta kuwa cike yake dam da toka.

"Gwaggo, mi na na haka?"

"Adana ta niy yi," in ji ta, ko a jikinta. "Yadda muka aje waken iri. Toka da barkono, cikin rumbu. Ka ga gara ta taɓa ta? Ka ga ɓera?"

Gaskiya ban ga gara ba, ban ga ɓera ba. Amma dariya ta ci ƙarfina, har na kira maƙwabcina Lawali, mutumin Zurmi mai gyaran waya, ya zo ya ga kwamfutar da aka yi wa ajiyar wake. Shi ma ya riƙe ciki. Gwaggo ta bari muka gama, sannan ta gyara zama a kan benci.

"Bala ya taɓa ɗaukar maganar Inno cikin abin ga," ta ce. "Sadda munka kai ta asibiti Shinkafi munka biya shagonai. Ni ina nan, da idona nig gani." Ta murza bakin mayafi. "Ɗan nan, muryatta ta ɓace min. Ina tuna abin da taka cewa, amma in na nemi yadda taka hwaɗinai, sai in ji tawa murya. Shi na nika son ka hiddo min."

Na daina dariya. Kunya ta kama ni, tsoro kuma ya biyo baya, don na san abin da Gwaggo ba ta sani ba. Duk abin da ke cikin irin wannan kwamfuta yana kan faifan ajiya guda, ɗan akwatin ƙarfe kamar tafin hannu mai juyawa a ciki. Faifan da ya yi shekaru bai juya ba yana iya tashi sau ɗaya ya mutu. In na yi gaggawa wuta ta ƙone shi, babu wani wuri a duniya da za a sake jin Inno.

Na cire faifan na naɗe shi a tsumma mai tsabta na sa a aljihun tebur. Sauran na wargaza su ɗaya bayan ɗaya. Kwana biyu ina share toka da buroshin fenti, ina hura lunguna, ina atishawa saboda barkono. Abin da ya ba ni mamaki, kuma har yau nake juya shi a raina, shi ne yadda allon cikinta ya fito kusan babu tsatsa. Na sha buɗe kwamfutocin ofis da ba su kai rabin shekarunta ba, ɓera ya yi gida a ciki, damina ta cinye wayoyi. Wannan kuwa ta bushe ƙamas. Na fara tambayar kaina ko wa ya kamata a yi wa dariya.

Tukunyar wutarta, wato akwatin da ke raba wa sassa lantarki, ita ce ta fara nuna ciwo. Ƙananan gwangwanayen da ke ciki biyu sun kumbura kamar ƙosai. Lawali ya samo mini irinsu daga wata tsohuwar rediyo, na narka dalma na sauya, na auna wutar ita kaɗai har na gamsu ba za ta yi ɓarna ba. Na sa sabon ɗan batir mai kamar kwabo wanda ke riƙe mata agogo. Na aro tsohon allon kallo mai ƙaton ƙeya. Da na kunna, fanka ta juya, sai kwamfuta ta yi ta kuka, ƙit ƙit ƙit, allo baƙi ƙirin. Na kashe, na zare sandunan ƙwaƙwalwarta, na goge haƙoransu da robar goge fensir, na mayar. Na sake kunnawa. Ta yi ƙara guda, gajera, fararen rubutu suka fito. Na yi tsalle har na buge kai da kantar shago.

Sai a rana ta biyar na yi bisimilla na haɗa faifan. Na kara kunne. Ya yi wani ɗan gurnani, sannan ya ɗauki juyi sumul. Yana da rai! Amma a kan allo kwamfuta ta ce ba ta ga faifai ba.

Daga nan na shiga uku. Na sauya faffaɗar wayar da ke haɗa su, shiru. Na juya ta, shiru. Na shiga saitin kwamfutar na bi layi-layi. Na gwada faifan da wata mahaɗa da na saya a Gusau, yana juyawa amma ba ya amsawa. Takardar da ke manne a bayansa, wadda ke bayanin yadda ake saita shi, toka ta cinye rubutunta. Kuma duk kunnawa guda ina ji a jikina cewa ina rage masa kwana. Gwaggo kullum tana zuwa da hantsi, ta zauna a kan benci a lungun shago tana jan carbinta. Gaisuwa kaɗai ke haɗa ni da ita.

Rana ta tara Lawali ya leƙo, ya tarar na dafe kai.

"Malam, ka cika wahal da kanka," ya ce. "Ɗan bubbuga shi da gindin sukudireba mana. Rediyon babana haka muka yi mai, yat tashi."

Wallahi har na ɗauki sukudireban. Na ɗaga hannu ke nan sai na ji abin ya yi mini kama da wani abu da na sani, kamar ana nuna ni da tsinke. Na ajiye shi a hankali. Na juya na dubi lungun shagon. Kwana tara ina yi wa ƙarfe tambayoyi, ga wadda ta yi shekaru tana kwana da tashi da shi a gida guda, ban tambaye ta ko abu ɗaya ba. Na riga na yanke a raina cewa matar da ta zuba wa kwamfuta toka ba ta da abin da za ta gaya wa mai takardar shaida.

Na jawo kujera na zauna a gabanta.

"Gwaggo, ran da za ki sa ta buhu, gaya min dut abin da kinka yi. Kak ki bar komi."

Ta ce ta shimfiɗa tabarma. Ta goge jikin akwatin da tsumma. Ta share cikinsa da gashin kaza saboda yanar gizo. Ta tankaɗe tokar sau biyu don kada gawayi ya shiga.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Sai kashin ɓera da nic cire."

"Wane kashin ɓera? Ba kin ce ɓera bai taɓa ta ba?"

"Awo, cikin rumbu bai taɓa ta ba. Wanga tun shagon Bala ya samo shi. Guda ɗai na, ɗan baƙi, ya maƙale tsakanin wasu 'yan allurai bayan wancan abin da kaka lallaɓawa. Da ƙyar nis sa tsinke nib ɓamɓare shi. In aje kayan ɗan'uwana da ƙazanta?"

Na tashi na ɗauko faifan na duba bayansa. Ga 'yan alluran nan jere, tsirara. A irin waɗannan tsofaffin faifai akwai wani ɗan baƙin roba mai ƙarfe a ciki, bai fi ƙwayar shinkafa ba, da ake cusawa a kan allurai biyu. Shi ke gaya wa faifai matsayinsa, ko shi ne na gaba ko mai bi. Wasu faifan suna aiki ba shi, shi ya sa da na ga wurin wayam ban kawo komai a raina ba. Na sake kallon girman wurin, na tuna kamannin abin, sai na ga gaskiyar Gwaggo. Duk wanda ya taɓa share rumbu, abin da zai kira shi ke nan.

Na ciro irinsa daga wata matacciyar kwamfuta da ke ƙarƙashin tebur. Wurare huɗu ne zai iya zama, ba kuma rubutun da zai nuna mini. Na sa a na farko na kunna, babu. Na kashe, na jira, na matsar da shi na biyu, babu. A na uku sai ga sunan faifan ya fito a kan allo, ɗan jan fitilar gaban akwatin ya fara ƙyaftawa. Lawali ya yi kabbara har masu awon gero suka waiwayo.

A ciki akwai wasiƙun neman aiki na mutanen Shinkafi, da katunan biki, da jarrabawar 'yan firamare. Can ƙasa na ga wani abu guda da Baffa ya rubuta wa suna Inno. Na haɗa lasifika. Ban yarda da faifan ba ko kaɗan, don haka kafin in taɓa komai na kunna ɗaukar murya a wayata na jingina ta da lasifikar. Na ce wa Gwaggo ta matso.

Ƙarar janareto ce ta fara fitowa. Sai muryar Baffa, yana cewa, "Inno, matso da bakinki nan, ki ba mu tatsuniya guda."

Sai ga ta. Siririyar muryar nan mai ɗan kaushi, wadda ke hawa sama a ƙarshen magana kamar kullum tambaya take yi.

"Tatsuniya da rana tsaka? So kake in ɓace a hanya? Kai dai Bala boko ya gama da kai."

Ashe Baffa da rana kaɗai yake tada janareto, mutanenmu kuwa sun ce mai yin tatsuniya da rana ɓata yake yi. Ya yi ta lallashi, ta ƙi. Maimakon ta ba da labari sai ta juya kan kwamfutar da tambaya. Wa ke cikin akwatin? Ya ce ba kowa. To wa ke riƙe maganar? Ya ce akwatin ne. Ba ya gajiya? Ba ya ƙara nasa a ciki, kamar mutane?

"In na mutu fa," ta ce, "yana ba da ita?"

"Yana ba da ita, Inno."

Janareto na ta bugawa. Sai ta yi dariya. "To shi riƙe da kyau." Aka ji motsin kujera, muryarta ta ɗan yi nisa, ta ɗaga ta yadda take yi in tana kira daga bakin madafa. "Hajo! Ke Hajo! Ina mayahina? Taso mu tahi, rana na yi."

"Na'am, Inno."

Gwaggo ce ta amsa, a nan cikin shagona. Har ta dafa benci ta fara miƙewa, carbi ya zame ya faɗi ƙasa. Sai ta tsaya a haka, rabi tsaye rabi zaune, tana kallon lasifikar. Lawali ya sulale ya fita. Ni kuwa na kasa ɗaga kai, hawaye na ɗiga a kan tebur.

Na daɗe ina ɗauka cewa darasin turmin nan haƙuri ne, kada a yi gaggawar duka. Da na fara sana'a sai na ce a'a, dabarar gyara ce, a san yadda abu yake kafin ya lalace. Duka biyun gaskiya ne, amma yanzu ina ganin Inno wani abu take nufi da ya fi su sauƙi, ya kuma fi su wuyar yi. Kowane abu da ya tsufa yana da wanda ya zauna da shi, kuma yawanci mutumin nan yana kusa, a lungu, an raina shi. Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini gyara, kafin in ɗauki sukudireba sai na ba shi wurin zama na ce ya ba ni labari.

Na kwafe muryar a wurare uku, na kuma sa wa Gwaggo a 'yar wayarta, na nuna mata maɓallin da za ta danna. Minti huɗu ne da 'yan daƙiƙu. Ɗakinta na jikin namu, don haka wani lokaci da hantsi nakan jiyo ƙarar janareton Shinkafi ta bango, in jiyo dariyar, in jiyo kiran. Gwaggo ta san sarai daga ina muryar ke fitowa, hankalinta garau yake. Amma har yau ban taɓa jin kiran nan ya wuce ba ta amsa ba.